Ƙyallen da Aka Datse wa Kunne

Buhun yana nan inda Yaya ta bar shi, a ƙarƙashin teburin yanka, bakinsa ɗaure da tsohon tef ɗin awo. Tun rasuwarta Inna ba ta taɓa shi ba. Ko shara take yi, sai ta kewaye shi da tsintsiya kamar mai gudun ta da wani daga barci.

Shagon ɗinkin nasu ne su biyu, ya da ƙanwa. Yaya ke yanka, Inna ke kan keke, a haka suka yi furfura suna faɗa suna shiryawa. Inna ba ta taɓa haihuwa ba, amma duk layin Inna suke ce mata, har waɗanda suka girme ta, saboda 'yar Yaya ce ta fara kiranta haka tun bakinta bai gama buɗewa ba. Yarinyar a shagon ta yi rarrafe, a shagon ta yi haƙori, a nan kuma ta haɗiye maɓallin rigar wani malamin makaranta, aka wuni ana leƙa fo ana jiran fitowarsa. Maɓallin ya fito, sunan kuwa ya zauna. Har ɗakin mijinta Maɓalli ake ce mata.

Yaya tana da doka a kan ragowar yadi, kuma ba ta wasa da ita. Ragowa ta mai kaya ce, ko da faɗin tafin hannu ne. Sai an nuna masa, in ya ce ku riƙe, to sannan za ta ɗauki almakashinta ta datse wa ƙyallen kunne ɗaya, ƙyas, ta jefa shi a buhu. Datsattsen kunne na nufin an bar mana, a yi aiki da shi. Bahaguwa ce, almakashin nata ma na bahago ne, bakinsa a juye. A hannunta yana tafiya kamar a ruwa. A hannun kowa ban da ita, sai dai ya taune yadi ya bar masa zare-zare. Inna ta sha gwadawa don neman magana, Yaya ta fizge abinta tana cewa, "Ba ni nan, kada ki lalata masa tarbiyya."

Ranar da Yaya ta tafi, da hantsi ne, a kan teburin nan. Inna na kan keke ta ba ta baya, tana ba ta labarin wata mata da ta rantse rigarta ce ta tsuke, ba ita ce ta ƙara ƙiba ba. Yaya ta kifa kanta a kan hannunta. Inna ta ci gaba da zuba, har da mita wai an bar ta tana dariya ita kaɗai kamar zararriya. Sai da ta kai ƙarshen kalmasar zanen da ke hannunta sannan ta waiwaya.

Daga ranar Maɓalli ba ta sake taka shagon ba. Ko layin ta daina bi. In Inna ta kira ta a waya, gaisuwa ce a tsaye, lafiya lau, lafiya lau, sai an jima. Inna ba ta buƙatar a gaya mata dalili, ta riga ta yanke wa kanta hukunci: wace 'ya ce za ta so ganin fuskar wadda uwarta ta mutu a bayanta tana ba da labarin ƙiba? Abin yana cin ta, wallahi yana cin ta, har abinci ya daina yi mata daɗi. Yarinyar nan ita ce kaɗai abin da ya rage mata a duniya.

Labarin cikin ma a bakin mai kitso ta ji shi, maƙwabciyarta ta shago, wadda ba a taɓa yin abu a unguwar ya wuce kunnenta ba.

"Au, wai ba ki sani ba? Ai ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Jiya na gan ta a bakin kemis tana tafiya kamar agwagwa." Sai ta ga yadda fuskar Inna ta yi, ta kama bakinta. "Kai, ni da bakin nan nawa. Ƙila so take ta ba ki mamaki."

"Ta ba ni," in ji Inna.

Da mai kitso ta fita, Inna ta daɗe zaune ƙafarta a kan fedar keke ba ta taka ba. Tsoron da ya kama ta ɗaya ne, kada a haifi ɗan nan ya tashi yana wuce ta a hanya bai san ko wace ce ba. Zuwa hannu rabbana ba za ta iya ba, magana kuma ba ta iya ta ba, ɗinki ta iya. Ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta jawo buhun ta kwance tef ɗin. Ƙamshin da ya taso na Yaya ne sak, alli da man zafi, har sai da ta dafa ƙafar tebur.

Bargon jariri za ta haɗa. Ba irin wanda ake yanka ƙyallaye daidai wa daida ba, ita ba ta da hannun yanka. Yadda kowane ƙyalle ya zo haka za ta nema masa maƙwabci, ta ɗan gyara bakinsa, ta haɗa. Ta zazzage buhun a ƙasa ta zauna a tsakiya, sai ga rabin rayuwarsu a shimfiɗe. Ga shuɗin yadin makarantar Maɓalli. Ga mai ɗigo-ɗigon da Yaya ta ɗinka wa kanta ta ce ya mayar da ita yarinya, Inna ta ce ya mayar da ita zabuwa. Ga ragowar labulen wani mai hoto, ga ta rigar matar nan mai ƙiba. Kowanne da kunnensa a datse, tsaf, babu ko zare ɗaya da ya tashi.

Aikin ya yi mata daɗi yadda ba ta zata ba. Masu kawo ɗinki suka sha "gobe in Allah ya kai mu" har suka gaji. Tsakiyar bargon ta bari sai ƙarshe, don nan ne fatar jariri za ta fi taɓawa, tana son abu mai laushi. Ta tura hannu can gindin tulin tana lalube, ta ji wani ya kwanta mata a yatsu, fari, mai sanyi, kunnensa a datse kamar sauran. Ko kallo biyu ba ta yi masa ba. Ya shiga gurbin kamar don shi aka bar wurin.

Sai da ta kifa bargon a kan tebur don ta goge bakin ɗinkin kafin ta sa auduga da shafi, dutsen guga na hannunta, ta ga abin da ke bayan farin. Layin alli ne shuɗi, guda biyu kusa da juna, duka a karkace.

Ta ajiye dutsen gugar a hankali.

Ta san layin nan. Ita ta ja shi. Sau ɗaya tak a rayuwarta ta tsaya a teburin yanka da alli a hannu, ranar da aka kawo farin yadi aka ce ai ita ce tela, ita ta san tsawon yayarta. Ta ja layin farko ya kauce, ta sake jan wani. Ta yanka da nata almakashin, aka karɓi likkafanin ana sauri, ragowar ta bar ta nan a kan tebur. Ba ta sake ganinta ba, ta ɗauka masu wanka sun haɗa da ita.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, muryarta kamar ba tata ba.

Ragowar likkafani a tsakiyar bargon jariri! Wannan kaɗai ya isa ya tsinka wa mutum hanji. Amma ba shi ne ya sa tsigar jikinta ta tashi ba. Ta kai yatsa ta ɗaga bakin ɗinkin, ta kalli kunnen. A datse yake, ƙyas ɗaya, sumul. Ita dai ba ta taɓa datse wa ƙyalle kunne ba, ragowar da ta taru bayan rasuwar ma a leda daban take zuba ta. Kuma lokacin da farin nan ya zama ragowa, mai datsewar tana kwance an rufe ta da zane.

Ta waiwaya. Almakashin Yaya na rataye a ƙusarsa, ƙura ta kwanta masa. Ta sauko da shi, ta ɗauki wani ƙyalle ta gwada, ta sake gwadawa, har da hannun hagu. Tauna kawai yake yi.

Mai kitso da ta ji labari sai da ta ja da baya har bakin ƙofa, tsinken kitso a hannunta. "A'uzubillahi! Inna, ki farke shi yanzun nan. Ki ƙona, ko ki binne, ko ki ba ni in kai bola da kaina. Kuma don girman Allah kada yarinyar nan ta ji, mai ciki ce."

"To wa ya datse shi?"

"Ke mana! Ranar ai ba a hayyacinki kike ba. Ni na ga kin sa takalmi wari da wari."

"Da wane almakashi? Nawa ba ya irin wannan yankan a kan kunne, ki duba ki gani."

Mai kitso ba ta duba ba. Ta ce ta bar wata mata da rabin kai a tsefe, ta fice.

Inna ta sa reza ta farke farin, zare bayan zare. Ta ninke shi ta nufi kwandon shara, ta tsaya. Ta nufi bayan shago inda ake ƙona takardu, ta dawo. Ta yaya za ta jefa rabin abin da ke jikin yayarta cikin ɓawon lemo? Ƙarshe a aljihun jakarta ta tura shi ta ja zif.

Daga nan shagon ya daina zaunuwa. Da rana tsaka, ƙofa a buɗe, babura na wucewa, amma da zarar ta ɗaga ƙafa daga feda keke ya yi shiru, sai ta ji kamar an yi ƙyas a bayanta. Ta waiwaya, babu kowa sai tebur. Ta juya keken ya fuskanci teburin don ta daina ba shi baya, sai abin ya fi muni, don yanzu kujerar Yaya take kallo. Tambaya ɗaya ke yi mata yawo a ka. In Yaya ce, me take nufi? Cewa take an bar mana, a yi aiki da shi, kamar kullum? Ko kuwa jikan take miƙo wa hannu? Inna takan yi istigfari ta ce wa kanta matacce ba ya riƙe almakashi, ke tsohuwar banza. Ta faɗa da ƙarfi ma, ta ji ba ta yarda ba.

Ramin da ke tsakiyar bargon kuma ya ƙi cikuwa. Ta sa rawaya, ya tattare. Ta sa wani mai furanni, zare ya tsinke sau uku, allura ta karye. Ta sa shuɗi, ya zauna, amma da ta ɗaga bargon sai ta ga kamar an yi wa mutum ido ɗaya, ta farke. Gaskiyar magana hankalinta ne ba ya kan ɗinkin, ta san haka. Ta dai shimfiɗa auduga, ta sa shafi, ta kama gefuna, ta bar tsakiyar tana cewa gobe.

Goben ba ta samu ba. Da safe tana buɗe shago sai ga mijin Maɓalli, mai gyaran firiji, a kan babur, idonsa ja don rashin barci, bakinsa har kunne.

"Inna, an sauka lafiya! Mace. Hau mu tafi."

Ta zauna a kan dakali tana hamdala. Sannan ta dube shi. "Ita ta aiko ka?"

Ya sosa ƙeya. "Ai… ke dai hau, Inna."

Ta gane. Ta shiga ta naɗe bargon da raminsa da komai, don in ta tsaya sai ta gama, ba za ta taɓa zuwa ba.

Ɗakin masu haihuwa dogo ne, gadaje jere, fanka na juyawa a kasale, ko'ina warin maganin goge ƙasa. Maɓalli na gadon ƙarshe kusa da taga, ta jingina da filo, fuskarta ta kumbura. Jaririyar na gefenta cikin tawul ɗin asibiti. Da ta ga Inna sai ta sunkuyar da kai.

"Sannu, 'yar nan. Sannu da arziki."

"Yauwa, Inna. Ina kwana."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Mijin ya ce bari ya je ya karɓo magani, ya gudu abinsa. Inna ta leƙa fuskar jaririyar, ta ga goshin Yaya. Hannunta na ƙaiƙayin ɗauka, amma ba a ce ta ɗauka ba. Sai ta ajiye naɗin a bakin gado. "Ga ɗan tsumma na haɗa mata. Ban gama ba."

Maɓalli ta warware shi a kan cinyarta. Ta daɗe tana kallo. Sannan yatsanta ya fara tafiya a kai. "Wannan na makarantata ne. Wannan zabuwar Umma." Ta yi wata 'yar dariya. "Daga buhu kika ɗebo."

"Daga buhu."

Yatsan ya iso tsakiya, inda auduga ke leƙowa, ga huji-hujin allura kewaye da wurin. 'Yar tela ce, ba a yi mata ƙarya da ɗinki. "Nan an sa wani abu an cire. Mene ne?"

Inna ta shirya ƙarya tun a kan babur, har guda biyu. Amma ta watsar da su. Ta ja zif ɗin jaka ta ciro farin, ta miƙa da hannu biyu, layin allin a sama. "Ban sani ba na sa shi, Allah ne shaidata. Da na gane na cire. Ki yafe ni, 'yar nan. A buhu na same shi, kuma ga kunnensa, ni ban san wanda…"

Maɓalli ta karɓa. Ta shafa layin, ta juya shi ta kama kunnen da yatsu biyu. Sai hawaye, shar, ba ko sauti.

"Ni ce, Inna."

"Ke?"

"Bayan an fita da ita na shiga shago. Na gan shi a kan tebur shi kaɗai. Na zauna a kujerarta, ban san me nake yi ba, na ga dai ragowa ce, kuma ba mai zuwa karɓa. Sai na yi abin da take yi, na jefa a buhu." Ta goge hanci da bayan hannu. "Da na fito sai na ji kamar ita na jefa cikin tsummoki. Ko layin na tunkaro sai in ga buhun nan. Ke kuma in na ji muryarki, shagon nake ji."

"Ni na ɗauka don ban waiwaya ba ne," in ji Inna. "Tana bayana, ina ta surutu."

"Haba, Inna! Tana jin muryarki ta tafi. Da a ina kike so ta mutu?"

Nan Inna ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar, har matar gadon kusa ta ce a yi haƙuri, ai haihuwa abin murna ce. Da ta lafa, Maɓalli ta shimfiɗa farin a kan ramin ta daidaita shi da tafin hannu. Ya zauna ɗas.

"Mayar da shi."

"Ke, rufa mini asiri! Kin san ko mene ne."

"Na sani. Yadi ne, sabo, ko taɓa jikinta bai yi ba. Rabi na wurinta, rabi na wurin jikarta. Ba za ta goya ta ba, Inna, ki bar mata wannan." Ta ɗan taɓa kunnen. "Kuma ai an datse. Kin san doka."

Inna ba ta rabuwa da allura, tana nan soke a cikin jakarta da ɗan zare. Ta jawo kujera, ta ɗora bargon a gwiwa, ta kalmashe bakin farin. Da ta zo kan kunnen sai ta tsaya, ta kai shi kusa da ido a hasken taga.

"Da wane almakashi kika yanka?"

"Na Umma mana. Shi ne a kan tebur."

Inna ta dubi hannun da yarinyar ke shafa kan jaririya da shi. Na dama ne, da shi take komai tun tana rarrafe. Ta sake duban kunnen. Yanka ɗaya, sumul, babu ko zare ɗaya da ya tashi. Sanyin nan na shago ya bi ta bayan wuyanta, ya daɗe bai wuce ba. Ta buɗe baki, ta kalli Maɓalli, ta kalli goshin da ke cikin tawul, ta rufe. Ta tura kunnen ciki da babban yatsa ta danne.

Zaren ya ƙi shiga allura. Ta lasa, ta gwada, ya kauce, ta sake.

"Kawo nan," in ji Maɓalli. "Har yanzu ba ki sayi tabarau ba? Riƙe mini ita in sa miki."

Ta ɗago jaririyar ta sa a hannun Inna, ta karɓi allurar.